Shin Ikon Allah Ya Cancanci Shafi a Wikipedia?

A Wudil, garin da ke da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, ɗalibi mai son rubutu a Wikipedia ta Hausa yakan ci karo da wannan tambaya: wane littafi ne ya isa a ba shi shafi nasa?

Ɗauki Ikon Allah, littattafan kimiyya da Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta wa 'yan makaranta, aka fara bugawa a Zariya a 1949. Sun yi bayanin halittun duniya da Hausar da yaro zai gane. Amma daɗin littafi ba shi ne ma'auni ba, haka ma yawan waɗanda suka karanta shi. Abin da ake nema shi ne wasu na waje, ba marubutan ba, ba maɗaba'ar ba, sun yi rubutu mai zurfi a kansa: nazarin malamai, sharhin jarida, kundin digiri. Ambato na layi ɗaya bai wadatar ba.

Ni dai ina ganin ya cancanta. Sai dai aikin tabbatar da hakan yana wuyan wanda zai shiga ɗakin karatu, ya kaɗe ƙurar tsofaffin mujallu, ya zaƙulo shaidar shafi bayan shafi.