3.2 Tsara Polima Mai Ƙwari da Miƙewa Domin Batir Marar Ruwa

A wannan sashe za a yi bayanin yadda masana ke tsara polimar da za ta maye gurbin ruwan batir. Kowane batir yana da sanduna biyu, sannan a tsakaninsu akwai elektirolait, wato hanyar da ayon ke bi yayin caji da amfani. A batirin litiyam da kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, wannan elektirolait ruwa ne mai saurin kama wuta. Wannan haɗari ne ya sa ake neman daskararren abu a madadinsa.

Polima dai dogayen sarƙoƙi ne na ƙwayoyin sinadari, irin waɗanda ke cikin roba da leda. A 1973 Peter Wright na Jami'ar Shafil a Ingila ya gano cewa ayon yana ratsa polimar PEO idan aka cuɗa ta da gishirin sinadari. A 1978 kuma Michel Armand na Faransa ya ba da shawarar amfani da ita a batir.

Abin lura a nan shi ne, ayon ba ya tafiya sai sarƙoƙin suna motsi. PEO kuwa tana sandarewa ƙasa da digiri 65, don haka irin wannan batir yakan buƙaci zafin digiri 60 zuwa 80. Amma idan ta yi laushi, litiyam yakan yi tsiro kamar allura, ya huda ta, ya haɗa sandunan biyu. Haka kuma sandunan sukan kumbura su motse, saboda haka polimar da ba ta miƙewa tsagewa take yi.

Domin magance wannan, ana bin hanyoyi kamar haka:

(a) Haɗa polima biyu a sarƙa ɗaya: polistirin ya ba da ƙwari, PEO ta ba ayon hanya.

(b) Ɗaure sarƙoƙin da juna kamar saƙar koma.

(c) Sanya ɗaurin haidurojin, wanda ke kwancewa idan an ja, ya sake ɗaurewa. Ƙungiyar Zhenan Bao ta Jami'ar Stanford a Amurka ta nuna wannan a 2019.

A taƙaice, manufar ita ce a raba aikin gida biyu: wani ɓangaren polimar ya ɗauki nauyi, wani kuma ya bar ayon ya wuce.