Karkarwar Jiki da Rabuwar Hankali

Ku sani, ya malamai da fataken Bodinga da Shagari, akwai wata lalura da kan sa hannu karkarwa, ko ƙafa ta ƙi tafiya, alhali hoton ƙwaƙwalwa bai nuna rauni ba. Alamarta ita ce, in likita ya sa mai ita ƙirga da baya, karkarwar kan lafa. In ya zuba wa hannun ido, sai ta tsananta. Hankali ya tafi gadin jiki, don haka haddar almajiri kan zube, lissafi ya kuɓuce wa falke. Ba ƙarya yake yi ba, kada a doke shi. A kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, domin horon motsa gaɓoɓi kan kawo sauƙi.