Gargaɗi ga masu shafukan intanet: saƙonnin abokan cinikinku na iya ɓacewa a hanya

Duk mai shafin intanet na kasuwanci, makaranta, asibiti ko ƙungiya, wanda a shafinsa akwai fom ɗin nan na "tuntuɓe mu", ya ajiye abin da yake yi ya gwada fom ɗin yau. Ka ari wayar wani, ka cike shi kamar baƙo, ka aika, sannan ka buɗe akwatin imel ɗin da ya kamata saƙon ya faɗa. In minti goma ta wuce ba ka ga komai ba, to shirun da ka daɗe kana ji ba lallai rashin kasuwa ba ne. Wataƙila mutane na ta sallama a ƙofa, muryarsu ce ba ta isa cikin gida.

Muguntar wannan matsala ita ce ba ta da ƙara. Fom ya ce wa mai aikowa "an aika saƙonka", ya tafi yana jiran amsa, kwana uku ya ji shiru, ya ɗauka wulaƙanci ne, ya koma wajen wani. Alhali abin da rubutun nan ke nufi kawai shi ne shafin ya miƙa wasiƙar ga na'urar da ke fitar da wasiƙu. Tamkar ka damƙa wa yaron mota saƙo a tasha ne ka juya: ka bayar, amma ko ya isa, wannan wani zance ne.

Abin ya ƙara tsanani tun watan Fabrairun 2024, lokacin da Google da Yahoo suka fara tilasta wa masu aiko da imel su tabbatar da ko su wane ne. Duk mai aika wasiƙa zuwa Gmail dole ya kasance da aƙalla ɗaya daga cikin shaidu biyu, SPF ko DKIM. Masu aika dubu biyar ko fiye a rana kuma sai sun haɗa duka biyun, su ƙara da DMARC, wato umarnin da mai suna ke bayarwa kan abin da za a yi da wasiƙar da ta zo da sunansa ba shaida. Microsoft ma ya ɗora wa manyan masu aikawa irin wannan sharaɗi a Outlook cikin watan Mayun 2025. Kada ka ce ai kai ba ka aika dubu biyar, sharaɗin farko ya hau kan kowa.

SPF jerin sunaye ne da kake rubutawa a bayanan DNS na sunan shafinka, kana faɗa wa duniya waɗanne na'urori ka yarda su aika wasiƙa da sunanka. DKIM kuwa hatimi ne da ake buga wa kowace wasiƙa. Shafukan WordPress da yawa suna fitar da wasiƙa kai tsaye daga na'urar kamfanin da ke ajiye musu shafi, ba hatimi, ba suna a jerin, kuma na'urar nan ɗaruruwan shafuka ke amfani da ita. Ɗaya daga cikinsu ya yi ɓarna, a saka lambarta a baƙin littafi irin na Spamhaus, ku duka ku kwana ciki. Maganin shi ne a haɗa shafin da akwatin imel na gaskiya ta hanyar SMTP, akwai ƙananan manhajoji irin su WP Mail SMTP da ke wannan aiki. Ka kuma gaya wa wanda ke kula maka da shafi cewa SPF guda ɗaya tak ake rubutawa. In aka yi biyu, duka sun lalace.

Sai kuskuren da na fi jin haushinsa, domin gyaransa bai wuce minti biyu ba. Masu haɗa shafi da dama kan saita fom ta yadda adireshin baƙon da ya cike shi zai fito a gurbin "daga". A ido abin ya yi kyau. A wajen Gmail kuwa sojan gona ne: in baƙon adireshin Yahoo ke gare shi, na'urarka ce ke iƙirarin ita Yahoo ce. Tun watan Afrilun 2014 Yahoo ya umarci duniya da a yi watsi da duk wasiƙar da ta zo da sunansa ba ta hannunsa ba. A gurbin "daga" ka sa adireshi mai ɗauke da sunan shafinka, adireshin baƙon kuma ya tafi gurbin mayar da amsa, wato Reply-To.

Wani lokaci kuma wasiƙar ba ta ma fita ba, mai gadin da ka ajiye a bakin fom ne ya kore ta. Ɗaya daga cikin masu gadin nan, sigar reCAPTCHA ta uku, tana ba kowane baƙo maki daga 0 zuwa 1, kuma galibi a 0.5 ake yanke hukunci. Mutumin kirki na iya faɗuwa ƙasa da haka ba tare da ya yi komai ba, musamman mai amfani da VPN, ko mai shiga da datar waya, inda kamfani ke raba lambar IP guda ga mutane da yawa. Ka tuna yawancin abokan cinikinmu da waya suke shigowa. Akismet ma, rariyar da ke tace saƙonnin banza, kan yi kuskure. Idan fom ɗin WordPress mai suna Contact Form 7 kake amfani da shi, launin layin da ke kewaye da sanarwar da ke fitowa bayan an aika zai faɗa maka inda gizo ke saƙa: ruwan lemo na nufin an ɗauki saƙon a matsayin na banza, ja na nufin an kasa aikawa, rawaya kuma kuskure ne wajen cikewa. Wannan fom ɗin ba ya adana saƙo da kansa, don haka ka ɗora masa Flamingo, wadda ke ajiye kwafin kowane saƙo a cikin shafin, har da waɗanda rariyar ta tace.

Kafin ka rufe wannan takarda, buɗe akwatin Spam na imel ɗinka. Gmail na goge abin da ya kwana talatin a can, saboda haka duk ranar da ka jinkirta, akwai saƙon da ba za ka sake gani ba. In ka tarar da saƙon fom, danna alamar cewa ba na banza ba ne, sannan ka buɗe asalin wasiƙar ta "Show original" ka duba ko an rubuta PASS a gaban SPF da DKIM. Waɗanda ka samu saƙonninsu a ciki, ka kira su ka ba su haƙuri. A ƙarƙashin fom ɗin kuma ka rubuta lambar waya ko ta WhatsApp, kuma a farkon kowane wata, da duk ranar da aka taɓa shafin ko aka sauya kamfanin da ke ajiye shi, ka sake aika wa kanka saƙon gwaji.