Cinikin Babbar Mota: Abin da Ya Kamata Uwargida Ta Sani Kafin a Biya

 

Yau maganar mota za mu yi, babbar mota irin ta alfarma, da yadda ake cinikinta a wurin masu sayarwa. Na san wata za ta ce, "Ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa, me ya haɗa ni da cinikin mota?" To uwargida, ki saurara. Ƙasar Zuru ta yi suna da aikin soja, gidaje da yawa akwai wanda ya yi ritaya ya karɓi kuɗin sallama, kuma sau da yawa mota ce abu na farko da ke zuwa ransa. Wata kuma ita ce ta ci gado, ko ta yi shekaru tana kiwo da adashi, ko ɗanta ne zai saya mata motar unguwa da zuwa asibiti. Ko kuɗinki ne ko na maigida, idan ciniki ya ɓaci, tukunyarki ce za ta fara ji. Kuma rabin cinikin mota a cikin gida ake yin sa, tun kafin a je wurin mai sayarwa. Wannan rabin kuwa kina da hannu a ciki.

Da farko ki san cewa motocin kasuwa kashi uku ne. Akwai sabuwa dal, wadda ake cewa 'yar leda, ba wanda ya taɓa hawa, ana sayenta a kamfanonin da ke wakiltar masu ƙera ta. Misali Elizade na sayar da Toyota, Coscharis na sayar da BMW, akwai kuma Peugeot da kamfanin Dangote ya fara haɗawa a Kaduna a 2022, da Innoson da ake haɗawa a Nnewi. Akwai wadda aka hau a Turai ko Amurka sannan aka shigo da ita, wato tokumbo ko 'yar Kwatano. Sai kuma ta hannu, wadda aka riga aka mora a nan gida. Kowace da farashinta. Ha'inci na farko a wannan harka shi ne a wanke ta hannu, a yi mata fenti, a sayar da ita da kuɗin tokumbo. Don haka kafin a tambayi "nawa ce?" a fara tambayar "wace iri ce, kuma ƙirar wace shekara?"

Na biyu, ki san abin da ke ɗaga kuɗin mota. Yawancin manyan motoci da dala ake sayo su. Kafin watan Yuni na 2023, dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460, amma a farkon 2024 sai da ta haura 1,500. A kan wannan ake ɗora kuɗin jirgin ruwa, da kuɗin kwastan, da haraji, da kuɗin kawo ta Arewa daga Legas, sannan ribar mai sayarwa. Kuɗin kwastan da na jirgi ba a cinikinsu, an riga an biya. Inda ake ja shi ne ribar mai mota da abin da dillalai suka ɗora a sama. Kin ga ke nan idan mai mota ya ce "dala ce ta tashi", mai wayo zai tambaye shi yaushe motar ta shigo. Motar da ta yi wata takwas tana shan rana a fili, mai ita ya fi ƙosawa ya rabu da ita, don kuɗinsa ne ke kwance.

To yaya za a san farashin gaskiya daga Zuru? Ai yanzu waya ta sauƙaƙa. Daga ɗakinki, ke ko ɗanki ko ƙaninki, za ku iya tambayar wurare uku ko huɗu: ɗaya a Kaduna, ɗaya a Kano, ɗaya a Sakkwato ko Birnin Kebbi, wani a Abuja. Sharaɗi dai a tambayi abu iri ɗaya: suna ɗaya, shekara ɗaya, girman inji ɗaya. Prado ƙirar 2018 da ta 2022 kusan kamarsu ɗaya a ido, amma tazarar kuɗinsu miliyoyi ne. A sa kowa ya turo farashinsa a rubuce, a kuma tambaye shi, "Wannan kuɗin har da me da me?" Wani farashinsa ya haɗa da haraji da lamba da kawowa, wani kuwa sai an gama ciniki zai fara lissafo su ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin da za a gwada shi ne jimillar abin da za a kashe har mota ta tsaya a ƙofar gida da takardunta cikakku.

Daga nan sai ku zauna da maigida ku yanke iyaka. Ku ce, "Kaza za mu fara tayawa, kaza ne ƙarshenmu, ko sisi ba za mu ƙara ba." A cikin wannan lissafi kada a manta da cin motar. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta ninka sau da yawa, har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Babbar mota mai babban inji kuwa shan mai gare ta. Ga inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ga motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, cikakkiyar inshora kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Ga taya, ga juyen baƙin mai. Sannan ku duba hanyoyinmu, musamman da damina: motar da cikinta ke kusa da ƙasa wahala za ta sha. Ku tambayi kanku, idan ta lalace, akwai makanikin da ya san ta a Zuru ko Kontagora, ko sai an ɗauke ta zuwa Kaduna? Kuma a yanayin tsaron da yankinmu ya sha fama da shi, motar da ke jan ido ba kullum take zama alheri ba. Idan kuɗin mota zai cinye na makarantar yara da na hatsin shekara, uwargida ki faɗa cikin ladabi: "Maigida, Allah Ya ƙara buɗi, amma da mun duba wadda ba ta kai wannan ba."

Yanzu sai maganar wakili. Tunda ba ke za ki je ba, wanda za ki tura shi ne idonki da bakinki. Ki zaɓi mai amana kuma mai sanyin rai, wanda ba ya jin kunyar cewa "ya yi tsada". Ki gaya masa iyakarki, ki kuma roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Da zarar dillali ya ji adadin da ke hannu, to farashin mota ya zama wannan adadin. Idan da dillali a tsakani, a yanke la'adarsa tun farko, a san nawa ce kuma wa zai biya. In ba haka ba, sai ya karɓa a wurinku, ya karɓa a wurin mai mota, ya kuma ɗora nasa a kan farashi. Ya fi kyau wakilinki ya yi magana da mai motar ko manajan kamfani baki da baki.

Idan an isa wurin, ciniki dai irin wanda kika sani ne. Ke da kike cinikin atamfa da dillaliya a tsakar gida, kin san ba a nuna zumuɗi. Kin san idan kika ce "kai, wannan ta yi kyau!" to kin ƙara mata kuɗi da bakinki. Haka mota take. Wakili ya bari mai mota ya fara faɗin kuɗinsa, sannan ya taya ƙasa da iyakar da aka ba shi, tayi na mutunci wanda ba zai zama raini ba. Idan an ce "albarka", ya ƙara kaɗan kaɗan, yana kawo hujja: "A Kano an ba mu irinta a kaza", "tayoyin nan sai an canza", "ƙirar bara ce". Ga misali don ki gane: a ce an sa wa mota naira miliyan 60. Ragin kashi 5 cikin 100 kawai naira miliyan 3 ne. Ki duba buhun dawa nawa wannan zai saya, sai ki san cewa zaman awa biyu ana ja-in-ja ba ɓata lokaci ba ne.

A kamfanin sababbin motoci, wani lokaci za a ce farashi a rubuce yake, ba ragi. To ko da ba a rage kuɗi ba, akwai abin da ake nema a madadinsa: juyen mai kyauta na wasu watanni, kuɗin lamba, kawo mota har gida, ko ƙarin wa'adin garanti. A tambayi garantin na shekara nawa ne ko kilomita nawa, kuma a wane gari ake gyara idan matsala ta taso. Motar da ta kwana a shago har sabuwar ƙira ta fito, ita ma ana samun sauƙi a kanta. Duk alkawarin da aka yi, a rubuta shi a takardar ciniki.

Akwai dabarun da ake yi wa mai saye, ki gargaɗi wakilinki a kansu. Za a ce, "Wani Alhaji ya taya, yanzu zai turo kuɗi." Wani lokaci ma sai a sa wani ya zo yana tayawa da tsada alhali ba saye zai yi ba. Wannan shi malamai ke kira najashi, kuma shari'a ta hana shi, kamar yadda ta hana ɓoye aibin kaya. Maganinsa ɗaya ne: wakili ya yi godiya, ya bar lambar wayarsa, ya tafi. Sau da yawa kafin ya kai tasha za a kira shi. In ba a kira ba, mota ba ta ƙare a duniya ba. Sauri ya haifi nawa.

Idan za a ba da tsohuwar mota a yi ciko, a fara gama cinikin sabuwar, sannan a yi wa tsohuwar kuɗi daban. In aka haɗa su, sai a rage muku a nan a cinye a can. Idan kuma biya za a yi kaɗan kaɗan, kada a tsaya ga "nawa ne duk wata", a tambayi jimillar abin da za a biya har ƙarshe. Mai gudun riba ta ruwa, akwai bankunan da ke aiki da tsarin Musulunci, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya fara a 2019. A tsarin murabaha banki ne ke sayen motar, ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko. Nan ma a karanta takarda da kyau kafin a sa hannu.

Kafin kuɗi su fita, abu biyu wajibi ne. Na ɗaya, makanikinku na kanku ya duba motar, ya sa mata na'ura, ya leƙa ƙarƙashinta, ya tuƙa ta. Cikin motocin da ake kawowa daga Amurka akwai waɗanda suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye su aka gyara, akwai kuma waɗanda aka mayar da agogon tafiyarsu baya. Na biyu, takardun kwastan. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma mu a Jihar Kebbi muna maƙwabtaka da Nijar da Benin, don haka motocin fasa-ƙwauri ba baƙi ba ne a nan. Irin wannan mota araha gare ta, amma ran da jami'an kwastan suka tare ta a hanya, an yi asarar kuɗi da mota. Kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da lambobi 17. A tabbata wadda ke jikin motar ita ce a takarda, a kuma tantance a ofishin kwastan. Araha ba ta ado, 'yar'uwa.

Wajen biya, a tura kuɗi ta banki zuwa asusun kamfani ko na mai motar, kada a tura wa yaron shago ko dillali. Idan an ba da kafin alƙalami, a rubuta ko za a mayar da shi in an sami aibi. A karɓi rasit da takardar mallaka, da shaidu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki, don haka neman takarda ba rashin yarda ba ne. Sannan ki riƙe wannan da kyau: idan kuɗinki ne, sunanki za a sa a rasit da takardun mota. Musulunci ya ba mace ikon mallakar dukiyarta. Ko maigida ne zai riƙa tuƙawa, ko ɗanki, takarda ta nuna mai ita. Rai na Allah ne, kuma an sha ganin motar mace ta shiga rabon gado saboda sunan miji ne a takarda, ita kuwa ba ta da shaida. Ki adana asalin takardun a akwatinki, a bar kwafi a cikin mota.

To 'yan'uwa, a nan za mu dakata. Wadda maigidanta ke shirin sayen mota, ta samu lokacin da ransa ke sanyi, bayan ya ci abinci ya huta, ta kawo masa waɗannan shawarwari a hankali. Allah Ya sa a saya a sa'a, Ya tsare mu da sharrin ƙarfe, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.