A Daina Ce Musu Damuwa Ce

A shekarar 1955 wata cuta ta kwantar da ma'aikata kusan 300 a asibitin Royal Free da ke Landan, har aka rufe shi na 'yan watanni. Bayan shekara 15, wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu, McEvedy da Beard, suka karanta takardun majinyatan ba tare da sun duba ko mutum ɗaya ba, suka ce firgici ne ya yaɗu, tunda yawancinsu mata ne. Wannan hukunci bai daina bin masu wannan ciwo na gajiya marar yankewa ba, wanda likitoci ke kira ME, ko da yake tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Yau maganar ta dawo da sabuwar riga. Annobar korona ta bar ɗimbin mutane da wannan ciwo, 'yan kasuwa kuwa sun ga nama. A YouTube da Facebook ana tallar kwasa-kwasai masu tsada, ana cewa baƙin cikin da ka danne ne ya kwantar da kai, in ka amayar da shi ka sauya tunani za ka miƙe. In ka warke sun yi aiki, in ba ka warke ba kai ne ba ka sa zuciya ba. Wannan zalunci ne, kuma ya dace da abin da muka saba faɗa a gidajenmu: son jiki ne, ragwanci ne, tashi ka motsa jini ya gudana.

Ga abin da ya raba ME da gajiyar da kowa ya sani. Mai shi zai yi wanka ko ya tsaya hira da baƙi, a lokacin kamar ba komai. Sai bayan awa 12 zuwa 48 jiki ya rushe: ciwon gaɓoɓi, kai ya ɗaure, haske da ƙara su zama azaba, barci ya ƙi hutar da shi. Yakan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya farfaɗo, wani ma ba ya komawa inda yake. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu ciwon ba sa iya fita daga gida. Kuka mai tsanani da tono tsohon baƙin ciki su ma ƙarfi suke ci, suna kuma iya jawo irin wannan rushewa.

An gwada hanyar sauya tunani da motsa jiki, da kuɗi masu yawa. Binciken PACE a Birtaniya, mai majinyata 641, wanda mujallar Lancet ta buga a 2011, ya yaba jiyyar sauya tunani da motsa jiki mai ƙaruwa mataki-mataki. Daga baya masu binciken suka ce kashi 22 cikin 100 sun warke. Da kotu ta tilasta a fitar da alƙaluman a 2016, aka auna su da ma'aunin da aka tsara tun farko, sai adadin ya faɗo ƙasa da kashi 10. A Oktoban 2021 hukumar NICE ta Ingila ta hana ba masu ME irin wannan motsa jiki, ta hana shirin sauya tunani mai suna Lightning Process, ta kuma bayyana cewa jiyyar tunani ba ta warkar da ciwon.

Kada a ɗauka ina raina damuwa. Wanda ciwo ya raba da aikinsa, aka kuma ƙaryata shi a gidansu, dole ransa ya ɓaci, kuma yana da hakkin samun mai saurarensa. Jiyyar hira tana rage wa mai ciwon daji nauyin zuciya, amma babu mai cewa ita ke kashe ciwon. Haka ME.

Duk wanda gajiya ta daɗe a jikinsa ya fara zuwa asibiti a duba ƙarancin jini, ciwon suga, tarin fuka, ciwon hanta, maƙoƙo da ciwon damuwa, domin waɗannan suna da magani. In an tabbatar ME ne, abin yi shi ne ya san iyakar ƙarfinsa, ya huta tun kafin ya kai ta. Iyaye, maza da mata, da likitocinmu: in majinyaci ya ce motsi na ƙara masa ciwo, ku yarda da shi, ku bar shi ya kwanta.