Tunawa da Sojojin da Rauni Ya Kashe a Yaƙin Bama

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, Turawan mulki sun bi ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni wajen ɗibar samari aikin soja, kuma ƙasar Gaya, wadda Ajingi ke cikinta a wancan lokaci, ba ta tsira daga wannan ɗiba ba. Da yawa daga 'yan Arewa da aka ɗauka sun shiga Runduna ta 81, wadda aka kafa a 1943, ko ta 82, aka tsallaka teku da su zuwa Indiya, daga nan aka shigar da su dazukan Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, domin su kara da Japanawa.

Kundin soja yana bambanta wanda ya faɗi nan take a fagen fama da wanda ya rasu daga baya sakamakon rauni, wato wanda aka ɗauke da sauran numfashi amma rai ya yi halinsa a hanya ko a asibitin sansani. A kwarin kogin Kaladan, inda Runduna ta 81 ta yi yaƙi a 1944, babu hanyar mota ta kirki, har abinci ma daga jirgin sama ake jefo musu, saboda haka wanda harsashi ya sama sai 'yan'uwansa su saɓa shi a gadon ɗaukar majinyata, su keta tsaunuka da shi har wurin da ƙaramin jirgi zai iya sauka. Jinkirin nan da ruɓewar rauni sun ci rayukan da ba a cika ambatonsu ba.

Dokar Ingila ba ta yarda a mayar da gawar soja gida ba. Abin da ya isa ga iyali labari ne kawai: aka yi zaman makoki da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, matar aure ta yi takabar wata huɗu da kwana goma, alhali babu kabarin da za a ziyarta. Kaburburan suna can a maƙabartu irin ta Taukkyan kusa da Yangon, inda kuma aka zana sunayen kusan mutum 27,000 da ba a san makwancinsu ba. Neman ɗan gida a cikinsu yana da wuya, domin sau da yawa magatakardan soja sunan gari ko na ƙabila suke liƙa wa mutum a madadin na mahaifinsa.

Abin takaici ne cewa barikoki irin su Chindit a Zariya da Dalet a Kaduna sun riƙe sunayen yaƙin, amma na mutanen sun ɓace. Tun da aka mayar da ranar tunawa da mazan jiya daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu, hankali ya fi karkata ga yaƙin basasa, su kuwa dattawan Gaya da Ajingi da suka ji labarin Bama daga bakin waɗanda suka dawo, kullum raguwa suke yi.