Lagwanin Kyandirin Kwalba: Gindin Mazubi Ne Ke Yanke Hukunci

Mai haɗa kyandir a gida yakan mayar da hankalinsa wajen zaɓen turare da launi da kwalba mai kyan gani, sai ya ɗauki lagwani a matsayin ɗan zaren da kowanne ma zai yi. Alhali shi ne ke sarrafa wutar gaba ɗaya. Tun a laccocin da masanin kimiyya Michael Faraday ya gabatar a Landan, waɗanda aka buga a littafi a 1861, an fayyace cewa ba kakin da ke daskare ne ke ci da wuta ba. Zafi yana narkar da shi, zaren ya tsotso narkakken zuwa sama, ya zama tururi, tururin ne ke kamawa. Wanda ya taɓa murɗa lagwanin fitilar ƙwai ya ga gilashi ya yi baƙi ya riga ya san rabin maganar: man da ya fi ƙarfin iskar da ke kusa da shi hayaƙi yake zama. Bambancin kawai shi ne kyandir ba shi da abin murɗawa. Kaurin da aka dasa ranar zubi, da shi za a tafi har ƙarshe.

Idan lagwani ya yi siriri, wutar takan haƙa rami a tsakiya ta bar kaki manne a bango, a ƙarshe ta nutse cikin abin da ta narkar ta mutu. Wannan asara ce ta kaki da turare. Idan kuwa ya yi kauri, harshen wuta yakan yi tsawo yana rawa, kan zaren ya dunƙule ya yi baƙin ƙulli, kunkunniya ta shafe bakin kwalba, gilashin kuma ya yi zafin da zai iya tsagewa. Kurakuran biyu ba nauyinsu ɗaya ba, domin na farko aljihu yake taɓawa, na biyu kuwa gida yake iya ƙonawa. Saboda haka duk lokacin da aka rasa na zaɓa tsakanin lamba biyu na kaurin lagwani, ƙaramar ta fi cancanta.

Dalilin yana cikin siffar mazubin kansa. A daren farko wuta tana bakin kwalba, iska na kewaya ta, zafi na tserewa sama. Da kakin ya sauka zuwa kashi ɗaya bisa uku na ƙarshe, bangon gilashi ya riga ya kewaye wutar yana tsare zafin, narkakken kaki yana ƙara zurfi. Lagwanin da ya narkar da fuskar kyandir gefe zuwa gefe cikin sa'a guda a kunnawar farko, kusan tabbas zai yi wa gindin yawa. Wanda ya dace sau da yawa yakan bar ɗan siririn kaki a bango da farko, sai zafin da ke taruwa ya sauko da shi a kunnawa ta uku ko ta huɗu.

Wani zai ce ai masu sayar da lagwani sun fitar da jadawali: auna faɗin kwalba, duba lamba a jerin CD ko ECO ko LX, shi ke nan. Jadawalin yana da amfani, amma mafari ne kawai, kuma lambar wani jeri ba ta daidaita da ta wani. Bai san kakinka ba. Kakin zuma yana narkewa ne a wajen digiri 62 zuwa 64 na ma'aunin Salshiyos, yana da danƙo, don haka yana neman zare mai kauri, galibi mai saƙa murabba'i. Kakin farafin ya fi saurin hawa zare, kakin waken soya kuwa, duk da saurin narkewarsa, yakan nemi lagwani mafi girma fiye da farafin a kwalba iri ɗaya. Turare, wanda akan zuba kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin kaki, da rini mai duhu, suna iya toshe zaren su rage masa tsotso. Ga kuma yanayi: kyandirin da aka kunna a Sakkwato cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kakinsa ya riga ya yi laushi tun kafin a ƙyasta ashana, ba kamar na ɗakin sanyi da aka yi gwajin jadawali a cikinsa ba.

Wani kuma zai ce gwaji ɓarnar kaki ne, ga tsada. Gaskiya ne yana cin kaya, sai dai kwalba uku ba su kai asarar katan guda da aka zuba da lagwanin da bai dace ba. A zuba kaki ɗaya da turare ɗaya a kwalba uku iri ɗaya, a sa lambar da jadawali ya nuna a guda, ta ƙasa da ita a guda, ta sama a ta ukun. Idan na soya ne, a bar shi ya yi mako ɗaya zuwa biyu kafin a kunna. A datse zare zuwa milimita 6 kafin kowace kunnawa, kada a wuce sa'a huɗu, a bari ya daskare sannan a sake, har a kai gindi. Abin dubawa shi ne harshen wuta mai natsuwa da bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, narkakken kaki mai zurfin kimanin santimita 1, da kwalbar da hannu zai iya taɓa jikinta.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na kasuwa: mai saye yana son ƙamshi ya cika ɗaki tun daren farko, ƙaramin lagwani kuwa a hankali yake sakin ƙamshi. Amma ƙamshi daga faɗin narkakken kaki yake tashi, wuta mai yawa ƙone turaren take yi ta gauraya shi da ƙauri. Idan bakin kwalba ya haura santimita 9 ko 10, maganin ba ƙaton lagwani ɗaya ba ne. Ƙanana biyu ko uku, a jere da tazara daidai kuma nesa da bango, sun fi raba zafin, kuma su ma sai an gwada su har gindi kafin a kai wa kowa.